Kwalbar da Ban Zuba Ba

Ranar Alhamis ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan an sauko daga sallar la'asar. Mu uku ne a tsakar gidan Hamani, a tsohuwar unguwar Gaya. Hamani yana kan kujerar roba, ya miƙe ƙafarsa ta hagu yadda ya saba miƙe ta shekara arba'in da wani abu. Maigida Sanda, tsohon makanike, yana zaune kan tabarma da kayan aikinsa naɗe cikin tsumma. Sai ni, a bakin benci. A tsakiyarmu babur ne da aka jawo da safe daga ɗakin shirgi, tayoyinsa sun tsattsage, ɓeraye sun cinye kujerarsa.

Ɗan Hamani da ke kasuwanci a Yamai ya matsa sai uban ya koma wurinsa saboda ƙafar, an kuma tsayar da ranar Litinin. Shi ne ya ce kafin a rufe gidan a duba masa tsohon babur ɗin, wai yanzu samarin Yamai suna neman irinsa, suna gyarawa suna tsere da su cikin yashi. Sanda ya yarda zai buɗe injin, amma ya ce sai waɗanda suka ɗaure shi na ƙarshe suna wurin. Shi ya sa Sanda ya aiko mini. Ni kuwa abin da ya kawo ni dabam ne. Akwai maganar da na riƙe tun ranar da ƙafar nan ta karye, ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Na yanke zan faɗe ta a gaban Hamani in nemi yafiyarsa, don na san in ya hau motar Yamai ba lalle ne mu sake zama wuri ɗaya ba.

Babur ɗin ya riga ya tsufa tun kafin ya zo hannunmu. Wasu Nasara masu aikin noman fadama ne suka gaji da shi suka sayar, Hamani ya tara kuɗin dako na shekara biyu ya saye shi. Dogo ne, in ka hau yatsunka kawai ke taɓa ƙasa, tayoyinsa masu haƙora, an yi shi ne don jeji. Abin da ba ya fita daga kunnena shi ne kukansa. Baburan yanzu, waɗanda ’yan kabu-kabu ke cika bakin tasha da su, duk muryarsu ɗaya ce, wani gunaguni mai laushi, in goma suka wuce ba za ka ce ga na wane ba. Namu kuwa kuka yake yi siriri mai kaifi, kamar ana yaga sabon yadi, in aka saki wuta kuma sai ya koma tari, tan-tan-tan, yana barin shuɗin hayaƙi mai ƙanshi. Matan da ke wanki a bakin kogi sukan ɗaga kai su ce ga ɗan gidan Alhaji can. Uwar Hamani takan ɗora ruwan zafi in ta ji shi daga wajen dutse, kafin ya iso ya tafasa. A lokacin garin yana da shirun da sauti zai yi tafiya a cikinsa. Yanzu manyan motoci sun yi layi daga gada har bayan gari, injinansu suna aiki ko suna tsaye, ko kiran sallar unguwar maƙwabta sai ka kasa kunne.

Irin wannan babur ba a hawansa kawai, bauta masa ake yi. Duk Asabar muna rumfar Sanda, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Ba yaransa ba ne mu, samari ne masu sabon gemu, amma duk wanda ya shiga rumfar nan Maigida yake kiransa, kuma sai ya ba shi aiki. Akan cire buji, wato filogi, a goge shi da burushin waya har ya yi fari. Akan cire sarƙa a wanke ta da kananzir, a dafa ta cikin gwangwanin man shafawa, a rataye ta ta tsane. Wata-wata mukan cire bututun hayaƙi mu jefa shi cikin wutar kara, baƙin da ya daskare a ciki ya ƙone, mu bubbuga shi ya zubo kamar gawayi. Sanda yakan bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da kile, wato sifana, wadda ta yi kukan da bai yi masa ba ya ɗaure ta. Akwai kuma soso a cikin akwatin iska, mai tare yashi kar ya shiga inji, shi ma a wanke shi, a matse, a shafa masa mai, a mayar. Kayan gyara ba su samuwa. In abin da ke hana yoyo tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya yage, da kwalin sukari Sanda yake yanka wani. In ƙusa ta ɓata, sai Hamani ya haye gada zuwa Malanville ta ƙasar Benin ya wuni yana tonon tsofaffin ƙarafa. Yanzu abu in ya lalace cire shi ake yi a jefar, a kwance sabo daga leda. Ban ce hakan ya fi muni ba. Na dai lura samarin yau ba su san muryar abin da suke hawa ba, kuma ba su rasa komai da rashin sanin ba, wannan ne yake ɗaure mini kai.

Babban aikin shi ne haɗa mai. Injin irin wannan ba shi da wurin zuba mai na dabam kamar na yanzu. Yana da ɗan famfo da ke aika man da kansa, amma ya daɗe da mutuwa, Sanda ya cire shi ya toshe gurbin. Saboda haka dole a garwaya jan man inji cikin esansi, wato fetur, kafin a zuba a tanki. In aka manta, injin zai tashi lafiya lau, ya yi gudu har ya fi na kullum daɗi, sannan can cikin tafiya ƙarfe ya yi zafi ya kama ƙarfe, tayar baya ta tsaya cak. Ma'auninmu kwalbar maganin tari ce mai murfi: kwalba ɗaya ga bido, wato jarka, mai lita biyar. Ni aka ba wannan aikin saboda ni ne ɗan lakwal, mai karatun boko, wai na san lissafi. Tun daga nan Hamani ya sa mini suna Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ya kuma bi ni har tsufa.

Masu sayar da esansi a bakin hanya sukan jera kwalabe kashi biyu a lokacin, fari gefe guda, garwaye gefe guda, kuma da launi ake bambance su, don garwayen yakan yi ja-ja. Matsalar ita ce esansin da ke shigowa daga Nijeriya ta Kamba wani lokaci da jansa yake zuwa, ba ko ɗigon mai a ciki. Sanda ya sha faɗa mana: “Kar ku yarda da ido. Ɗiga a yatsa, ka murza, ka hura. In ya bushe ƙarau, babu mai. In ya bar santsi, zuba.” Har yau in na tsaya sayen esansi nakan sami kaina ina murza yatsu, mai sayarwa yana kallona.

Tseren sau ɗaya muka taɓa shigarsa. Bayan girbi ne, ranar Lahadi da hantsi. ’Ya’yan masu motoci da wasu samarin tasha suka shirya shi ba da sanin iyaye ba: daga bayan gari zuwa Tanda a dawo, ta tsohuwar hanyar yashi da marmara mai ratsa giginyu. A Tanda an ajiye mutum ƙarƙashin tsamiya da gutsattsarin rake, duk wanda ya isa sai ya karɓi guda ya sa a aljihu, shaidar bai yanke hanya ba. Babu kyauta. Suna ne kawai, a yi shekara ana faɗinsa a tasha. Hamani yana son sunan, don a lokacin yana neman wani mai manyan motoci ya ɗauke shi koyon tuƙin Kwatano, yana ganin in aka san shi da iya riƙe inji maganar za ta yi sauƙi.

Ga abin da na riƙe na wannan safiya, kuma na sha bin sa daki-daki. Sanda ya miƙo mini kwalbar cike, na sa ta a aljihun riga. Muka tura babur ɗin zuwa wurin tashi. Gardama ta kaure kan wanda zai tsaya ta gefen da ƙasa ta fi tauri, aka kira ni in raba, tunda ni ne mai karatu, na ja layi da kara na jera su. Ina juyowa na ga Hamani yana juye bido a tanki, abin da ke zuba ja-ja ne. Aka ɗaga hula, suka tashi. Kukan namu ya fita dabam cikin sauran, ina jin sa yana nisa, yana siririta, sai ya yanke lokaci guda. Ba a daɗe ba wani ya dawo a guje ya ce Hamani ya faɗi. Muka tari amalanken jaki muka bi hanya. Muka same shi a gindin giginya, cinyarsa ta juya yadda cinya ba ta juyawa, yana ta tambaya ko moton, wato babur ɗin, ya ji ciwo. Na sa hannu a aljihu in ciro ƙyalle, sai na taɓa kwalbar. Cike take, murfinta a ɗaure.

Washegari da safe na gangara bakin kogi, wajen da masu jirage ba su tsayawa, na jefa ta ruwa.

Maɗori ya ɗora ƙafar, ta kama, amma ta gajarce ta kuma sandare. Ƙafar hagu ce, wadda direba ke taka ambriyaj, wato kuloci, da ita, maganar Kwatano ta mutu nan take. Hamani ya ƙare rayuwarsa a tasha yana yi wa motocin wasu lodi. Alhaji, ubansa, ya sa aka kulle babur ɗin a ɗaki, ya rantse babu mai sake sa masa kile yana raye, shi ya sa ba a taɓa buɗe injin an ga abin da ya faru ba. Na je duba Hamani sau biyu yana kwance. A zuwa na biyu uwarsa ta sa mini albarka, ta ce ni ne abokin kirki, ban iya cin abincin da ta kawo ba. Daga nan na koma makaranta, sai aikin gidan radiyo ya kai ni Yamai da wasu garuruwa. A wurin aiki an san ni da duba abu sau uku kafin in karanta shi, abokan aiki suna ɗauka hali ne. Da na yi ritaya na dawo Gaya shekara shida da suka wuce, mukan haɗu da Hamani a jana'iza ko ɗaurin aure, mu gaisa da kyau, in tambayi iyali. Ƙofar gidansa kuwa ban taka ba sai wannan Alhamis.

“Mushe, matso mana,” in ji Hamani. “Ko har yanzu kana tsoron baƙin mai ya taɓa maka riga?”

Sanda ya riga ya ɗiɗɗiga kananzir a kan ƙusoshin tun da rana. Ya ɗora kile a ta farko. Na ce, “Maigida, dakata. Ina da magana kafin ka ɗaga kan injin nan.” Na faɗe ta yadda na shirya, a jere, ban ƙara ban rage ba: kwalbar, gardamar layi, aljihu, kogi. Na ce, “Ni na manta ban zuba ba. Ni na karya maka ƙafa, Hamani, na kuma ɓoye. Ka yafe mini don Allah.”

Na yi shekaru ina tsara yadda fuskarsa za ta kasance. Ban taɓa tsara wadda na gani ba. Kallona yake kamar na yi masa magana da yaren da bai sani ba.

“Wace kwalba?” ya ce.

Sanda ya ajiye kile, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. “Kai yanzu a tunaninka zan bar ɗan lakwal ya haɗa mini mai ranar tsere? Da hannuna na haɗa bidon nan bayan sallar asuba. Kwalbar da na ba ka ta ko-ta-kwana ce.”

“Maigida, kullum ni nake zubawa.”

“Kullum, ban da ranar tsere.”

“Tsere ɗaya muka taɓa yi.”

“To, shi nake nufi.”

Na ce ban tuna ya ce mini ta ko-ta-kwana ce ba. Ya ce shi ma bai tuna ya faɗa ba, amma ai abu ne da kowa ya sani. Sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa, ya ce tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ba don ɗan Hamani ya yarda ya buɗe injin ba, don kansa ne. “Ni na kashe moton nan. Ana jibi tsere na ce bari in ƙara masa numfashi, na cire soson akwatin iska na ajiye. Ban gaya muku ba don kar ku yi mini gardama. Hanyar Tanda kuwa yashi ce zalla. Ya sha yashi ya ƙoshi, ya kama. Duk ranar da na ga yaron nan yana jan ƙafa a tasha sai in canja hanya.”

“Ku biyun nan kun tsufa,” in ji Hamani. Bai ɗaga murya ba. “Ni ne a kai, ni na san abin da ya faru. Na isa Tanda ina gaban kowa, na karɓi rakena. Na girgiza tanki na ji kamar ya yi ƙasa, tsoro ya kama ni kar ya ƙare mini a hanya a yi mini dariya. Ga wani mai kwalabe a bakin kasuwa, na ga jajaye, na ce juye mini biyu. Ban murza ba, Maigida. Ina jin muryarka a kaina, amma ina jin kukan na bayana suna zuwa. A hanyar dawowa ya kama. Ban taɓa faɗa ba saboda kunyarka.”

Na ce, “Ba ka isa Tanda ba. A hanyar zuwa ka faɗi. Ina tsaye ina jin kukan moton har ya yanke.”

“Daga bayan gari ka ji moto a giginyun Tanda? Kunnen zomo gare ka?”

Wannan ta tsaya mini. Na san wurin da muka same shi, na sha wuce shi a mota, kuma gaskiya ne ya yi nisan da kunne ba zai kai ba, ko a shirun wancan zamani. Amma ina jin yankewar kukan nan a kaina fiye da yadda nake jin muryar mahaifina. Na juya wurin Sanda. Ya ce shi dai ya tuna sun daɗe suna jira har rana ta take, ya nemi inuwa. Na ce da hantsi muka tari amalanke. Ya ce ba amalanke ba ne, motar wani mai albasa ce. Hamani ya ce shi a kan ƙofar kara ya tuna an ɗauko shi.

“Raken fa?” na tambaya. “In ka karɓa, ina ya shiga?”

“Yana aljihun rigar da kuka yaga kuka ɗaure mini cinya. Ku za a tambaya.”

Sanda ya ce surutu ya isa, ƙarfe zai raba mu. Ya fara da akwatin iska, don ya nuna mana gurbin da ya bari fayau. Ƙusoshi biyu suka fita, ta uku ta karye, ya ɓanɓare murfin. Soson yana ciki. Ya yi baƙi, ya ruɓe, da ya taɓa shi sai ya marmashe a yatsunsa, amma yana zaune daram a gurbinsa, da wayar da Sanda kansa ya saba ɗaure shi da ita. Ya daɗe yana kallonsa.

“Wa ya mayar?”

Ɗakin kuwa a kulle yake tun ranar.

“Na cire shi,” ya ce a hankali. “Ina ganin hannuna yana cire shi. Na sa shi cikin gwangwani a kan katako.” Ya dubi yatsunsa. “Ko na wani moto ne?”

Kan injin ya ba shi wuya, sai da ni da shi muka haɗa ƙarfi a kan kile, rigata ta sha baƙin da Hamani ya yi mini gori a kai. Da ya ɗaga, muka sunkuya mu uku, har Hamani ya jawo kujerarsa. Fistan ɗin ya manne, jikinsa da zane-zane dogaye, sauran duk tsatsa ce ja, ruwan damina arba'in ya bi ta rufin ɗakin ya shiga. Sanda ya haska da fitilar wayarsa, ya kankara da farce, ya sansana. Ya buɗe tanki, babu komai sai wani ƙanzo kamar ƙaro. Ya murza shi a yatsa don sabo, ya hura.

“Me ka gani, Maigida?”

“Ya kama. Wannan kam kowa ya sani.” Ya kashe fitilar. “Rashin mai yana yin wannan zanen. Yashi ma yana yi. Tsufa kaɗai ma yana yi, moton nan ai ya girme ku a wahala. Da a makon aka buɗe da na gaya muku. Yanzu ko wanda ya ƙera shi ba zai karanta ba.”

Na zauna a kan benci. Na zo da abu ɗaya da nake da tabbacinsa a duniya, na ajiye shi a gabansu, ga shi ba wanda ya yarda nawa ne. Kwalbar cike take, wannan ban ja da baya a kai ba. Amma in Sanda ya haɗa bidon, cikarta ba ta nufin komai. Sanda kuwa ya rantse ya cire soson da ga shi a gabanmu, to da wane dalili zan yarda ya haɗa bidon? In na ce ƙwaƙwalwarsa ta ruɗe, tawa da ta ji kuka daga nisan da ba a ji fa? Na yi aikin tantance labari shekara talatin, ban taɓa samun shaidu uku da kowanne ke jawo laifi kansa ba, kuma babu na huɗu. Ban ji sauƙi ba. Na ji kamar an ce mini sunan da nake amsawa ba nawa ba ne.

Na ce, “Duk da haka, Hamani. Ko da wataƙila ne. Ka yafe mini.”

“A'a.”

Sanda ya ɗago kai.

“Ba zan yafe maka abin da ban san ka yi ba, Mushe. In na ce na yafe, na yarda kai ne, ni kuma ban yarda ba.” Ya gyara ƙafar da hannu biyu. “Kawo wanda na san ka yi. Wata huɗu ina kwance a ɗakin can, kullum in na ji sallama sai in ce kai ne. Inna tana ajiye maka fura har ta yi tsami. Na ɗauka haushina kake ji, na kashe moton da ka yi shekara biyu kana wanke wa sarƙa. Na yi aure ka aiko da saƙo. Inna ta rasu ka tsaya a waje da baƙi. Ka dawo garin nan shekara shida, gidanka da nawa ko ni mai ƙafa ɗaya da rabi ina iya takawa. Ƙafa kam Allah ya rubuta, na daɗe da sabawa da ita. Wannan ne ban saba da shi ba.”

A cikin duk lissafin da na yi na shekarun nan, ban taɓa sa wannan a layin laifi ba. A layin hukunci na sa shi, ina ganin kaina nake hora. Na buɗe baki in bayyana masa haka, na ga bayanin ba zai yi kyau a kunne ba, na rufe.

“Na yi wannan,” na ce. “Ka yafe mini.”

“Na yafe.” Ya juya wurin Sanda. “Kai ma, Maigida, mai canja hanya. Ka ɗauka ban gan ka kana laɓewa bayan motocin Dosso ba?”

“Ni ban roƙa ba tukuna.”

“To roƙa mana, rana tana faɗuwa.”

Sanda ya roƙa, yana harhaɗa ƙusoshi cikin gwangwani, bai ɗaga ido ba. Sannan ya ce silindar ta mutu, amma in ɗan ya samo wata da fistan a Yamai, sauran jikin zai tashi. Matar Hamani ta aiko da tuwo kafin magariba, muka ci a kwano ɗaya. Muna ci gardamar amalanke da motar albasa ta sake tashi, ba mu gama ta ba aka kira salla.

Na koma gidan ranar Juma'a, da Asabar, da Lahadi, na taya shi ɗaure kaya. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe ni na riƙe masa sanda ya hau motar Yamai, babur ɗin kuma aka ɗaure shi a sama cikin buhuna uku.